Jeri Uku a Tsohuwar Takarda

A Nantes, ran da muka kwashe ɗakin kakata,
ruwa na ta tsiyaya a jikin taga,
na tsinci takardar a ƙasan akwatin zare,
ta yi launin shayin da ya kwana a kofi.
Daren farko na wata opera ce, jeri uku:
wane ne a wasan, da wace murya, wa ya fara rerawa.

Mai gadin hasumiyar fitila. Muryar ƙasa.
Théodule Brassac.
An ce in ya buɗe baki katakon dandamali kan yi rawa
har mai goge na can baya ya ji a tafin ƙafa.
Ɗan mahauci ne, bai san baƙin kiɗa ba,
matarsa ke buga masa a fiyano, shi yana haddacewa
yana ɓare albasa.

'Yarsa. Muryar sama, siririya kamar bakin allura.
Ombeline Ferrouillat,
mai arba'in da ɗaya, tana 'yar sha shida,
kuma ba wanda ya yi dariya.
Dominta aka ƙara hawa uku a waƙar ƙarshe,
matakalar da duk wadda ta biyo baya
take takawa da addu'a a ciki.
An yanka riga daidai jikin mutum ɗaya,
har yau ana ragewa, ana ƙara ƙyalle a hamata.

Matuƙin jirgi. Muryar namiji mai tashi sama.
Firmin Lacassagne.
Da mura ya shiga,
ɗanyen ƙwai biyu, cokalin zuma, sauran duk tsoro.
Ya mutu da kyau, ya miƙe, ya rusuna,
washegari ya sake mutuwa,
sau sittin da biyu.
Na sittin da uku a asibiti aka yi shi, babu tafi.

Yaron jirgi. Murya tsakatsaki.
Sidonie Pellerin ce cikin wando da hula,
wadda 'yan matan gari suka yi ta aika wa furanni,
wasu cikin rashin sani,
wasu ko oho.

Sai can ƙasa, inda takarda ta fara cinyewa:
Murya daga teku.
Ba a faɗi irinta ba.
Gurbin suna kuwa, taurari uku ne ƙanana.

Léocadie ke nan. Kakata.
Mai ɗinkin maɓalli a ɗakin tufafi, shekara sha tara.
Wadda aka tanada ta kwanta zazzaɓi da la'asar,
wani ya tuna akwai yarinyar nan mai waƙa kan keken ɗinki.
Aka ɗora ta kan tsani bayan igiyar ruwan kwali,
zare maƙale a leɓenta,
kalma bakwai ta rera cikin duhu,
ta sauko, ta koma kan maɓallinta.

Ba ta taɓa faɗa mana ba.
Mu mun san ta da miyar kifi da faɗa kan takalmi.
Amma gefen taurarin, da fensir, hannunta ne:
"Na makara da numfashi ɗaya. Ƙafata ce ta zame."

A hunturun nan suka maido da wasan.
Na sayi kujera mafi arha, kusa da rufi.
Wasu maƙogwarai ne sanye da tsofaffin sunaye,
fitilar ma yanzu ta lantarki ce.
Da aka zo wurin teku sai goge ya tsaya,
mai jagoran kiɗa ya riƙe sandarsa a sama
yana jira.
Matar da ke gefena ta raɗa wa mijinta:
"Wannan shirun shi ne gwanintar marubucin."

Ban ce komai ba.
Na ja numfashin, na riƙe mata tsanin.